Rufin da na yi sau biyu

Ni kafinta ne, kuma aikin rufi shi ne abin da na fi sani a duniya. Ina da shekara 15 mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin maigidan da ya koya mini sana'a, na yi shekara bakwai ina miƙa masa zarto da guduma, ina riƙe masa tsani, ina tsince lanƙwasassun ƙusoshi ina miƙar da su a kan dutse, kafin ya yarda in hau saman gini ni kaɗai. Yau shekarata kusan 30 a cikin wannan aiki. Abin da ya sa na zauna rubuta labarina shi ne maganar da nake ji kullum a bakin masu gidaje, cewa masu gyara sun zama azzalumai, sun fake da tsadar rayuwa suna yankar mutane. Ba zan ce maganar ba ta da tushe ba, domin ni kaina na taɓa cutar wadda ta amince da ni, kuma labarin wannan cutar nake son bayarwa. Sai dai ina so mai karatu ya fara ganin hanyar da ke kai mai sana'a ga wannan matsayi, domin ba a dare ɗaya ake isa can ba.

A shekarun da kuɗi ke yawo a hannun jama'a, gyara ba aikin da babban kafinta ke waiwaya ba ne. Idan aka kira ni a kan yoyo ko ƙofar da ta ƙi rufuwa, yaro nake turawa, ni kuwa ina can bisa sabon gini inda ake sauke katako mota guda da kwano bandir-bandir. Sabon rufi aiki ne mai daɗi saboda komai nasa a fili yake, ka auna, ka yi lissafi, ka faɗi kuɗinka, ka gama ka sauko. Yara shida nake riƙe da su a lokacin, kuma babu wanda ya taɓa komawa gida da yamma hannu rabbana.

A 2008 na fara jin cewa gini ne ke fara tsayawa idan tattalin arziki ya karye, kuma a rediyon da nake ratayewa a jikin katako ina aiki na ji. Rikicin ya faro ne daga bashin sayen gidaje a Amurka, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba na shekarar, kuma cikin 'yan shekaru ma'aikatan gini fiye da miliyan 2 suka rasa aikinsu a ƙasar. Da yawa daga cikinsu ba su sake komawa sana'ar ba, har ta kai lokacin da gini ya farfaɗo ana neman ƙwararru ana rasawa. Na kai wa maigidana labarin, lokacin tsufa ya riga ya sauko da shi daga tsani, sai ya yi murmushi ya ce: "Ai ba sai ka ji a rediyo ba, yaro. Duk wanda aljihunsa ya yi sanyi, ginin da bai gama ba yake fara yi wa sallama, domin gini ba ya kuka idan an bar shi." Na yi dariya a ranar, ban san cewa wata rana zan tuna maganar ba tare da dariya ba.

Abin da ya taɓa ni kai tsaye ya fara ne daga 2020. A watan Maris na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annoba, masana'antu da dama suka tsaya, zirga-zirgar kaya ta tsuke, mu kuma wuraren aikinmu suka yi tsit. Gine-gine uku nake jira a kai su linta in ɗora musu rufi, babu ɗayan da ya kai. Guda daga cikinsu har yau yana nan yadda aka bar shi, rodin da ya leƙo daga kan ginshiƙai ya yi jawur da tsatsa, ciyawa ta tsiro a inda aka ce falo ne. Mun yi zaton da zarar annoba ta lafa komai zai koma yadda yake, ashe lokacin ne tsada za ta kunno kai, domin duniya ta buɗe gaba ɗaya kowa yana neman kaya, kayan kuma ba su wadata ba. A 2021 farashin katako a kasuwar Amurka ya ninka kusan sau huɗu a kan yadda yake kafin annoba, tan ɗaya na jan ƙarfe, wanda da shi ake yin wayar lantarki, ya haura dala 10,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, kuɗin ɗauko kwantena daga Asiya kuma ya ninka sau da yawa. A watan Maris na 2021 ɗin ne wani ƙaton jirgin dakon kaya mai suna Ever Given ya maƙale a mashigin ruwa na Suwez da ke ƙasar Masar har kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko suna jiran hanya. Ba a gama farfaɗowa ba sai yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, gangar ɗanyen mai ta wuce dala 100.

Na daɗe ban gane abin da ya haɗa kafintan da ke bisa tsani da mashigin Suwez ba, sai da wani dattijo mai sayar da kayan gini ya warware mini a ranar da na yi masa ƙorafi. Ya ce in duba duk abin da ke gabansa in nuna masa wanda ba wuta ce ta haife shi ba. Siminti sai an gasa dutse a zafin da ya kai digiri 1,450 kafin a niƙa shi, kwanon rufi ƙarfe ne da aka narkar aka murje aka shafe da tutiya don kada ya yi tsatsa, bututun roba da fenti daga man fetur ake samo sinadaransu, katakon ma da ke tsiro a daji sai inji ya yanka shi mota ta ɗauko shi. Ya ƙara da cewa fiye da rabin ƙarfen da ake narkawa a duniya a ƙasar Sin ake yin sa, saboda haka duk abin da ya taɓa masana'antunta ko jiragen da ke ɗauko kayanta sai ya iso kan teburinsa. A ƙasar da kuɗinta ke faɗuwa a gaban dala kuwa, dukan biyu ne ake sha, kayan sun yi tsada a inda aka yi su, kuɗin da za a saye su da shi kuma ya yi rauni.

Lissafin da nake rubuta wa mai gida, wanda a da yakan yi wata uku yana nan daram, sai ya koma ba ya kwana bakwai. Na taɓa tsayawa a gaban mai kwano muna ciniki, wayarsa ta yi ƙara, ya saurara, ya ajiye, ya dube ni ya ce farashin da ya faɗa mini ɗazu ya tashi. Na ji haushi matuƙa, amma da na huce na san ba ƙarya yake yi ba, domin idan ya sayar mini a tsohon farashi ba zai iya mayar da kayan a mazauninsu ba.

Da sabon gini ya ɗauke, gyaran da nake rainawa shi ya zama abin dogarona. Wanda ya yi niyyar gina sabon gida ya haƙura ya zauna a tsohon, wanda ya yi niyyar sauya rufi gaba ɗaya ya ce a yi masa faci. Kira ya yawaita, kuɗi ya ragu. A nan ne na koyi abin da shekara ashirin na sabon gini ba su koya mini ba, wato gyara aiki ne da ake shiga cikinsa a makance. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gaskiya ne, amma inda ruwan ya shigo sai wanda ya hau sama. Ruwa ba ya ɗiga a daidai inda ya shiga. Yakan shiga ta ramin ƙusa ɗaya da ta sassauta, ya bi cikin kwano, ya sauka a kan katako ya bi tsawonsa, ya je ya ɗiga a wani ɗaki daban, mai gida yana nuna maka gabas alhali ciwon yana yamma. Har sai ka ɗaga kwano ka leƙa sannan za ka san ko aikin wuni ɗaya ne ko na mako guda.

Abin da ya fi tsada a gyaran gida a wannan zamani shi ne jinkiri, kuma na ga yadda yake aiki a gidaje fiye da yadda zan iya ƙirgawa. A daminar farko abin da ake buƙata bai wuce sabuwar ƙusa da ɗan danƙo ba, wani lokaci falle ɗaya. Idan aka bar shi ya shiga damina ta biyu, katakon da ruwa ke bi ya jiƙe ya fara ruɓewa, gara kuma ta ji danshi ta iso. A ta uku silin ya kumbura ya rufto, filastar bango ta ɓare, danshi ya kai ga wayar lantarki, aikin da mutum ɗaya zai gama kafin rana ta faɗi ya zama sai an tara kafinta da birkila da mai wayarin da mai fenti, kowanne da kayansa, kayan kuma sun fi bara tsada. Ba na ganin laifin mai gida a kan wannan, domin ba sakaci ne ke sa yawancinsu jinkiri ba. Mutumin da kuɗin makaranta da na magani da na haya ke jiransa, idan ya dubi robar da ya tara a ƙarƙashin yoyo ya ga ba ta cin ko sisi, dole ya ce a bari sai baɗi. Matsalar ita ce ranar da na ɗaga kwanon na nuna masa katakon da yatsa ke nutsewa a cikinsa, na ce lissafi ya canja, amsar da nake samu kusan iri ɗaya ce: "Malam, ai ba haka muka yi da kai ba." Daga nan zargi ya shiga tsakani.

Lissafin gyara kashi biyu ne, kuɗin kaya da kuɗin aiki. Mai gida ba shi da yadda zai yi da mai siminti ko mai kwano, farashinsu ba ya jin magiya, saboda haka sai ya juyo kan wanda ke tsaye a gabansa, wato ni. Duk abin da kaya suka ƙara, a cikin kuɗin aikina ake neman a rage shi, ni kuma ina karɓa saboda na san idan na ƙi akwai mutum biyar a bayana da za su karɓa. Alhali ni ma tsadar tana cina ta kowace fuska, kuɗin motar da zan je wurin aiki, bakin zarto, sallamar yara, ga cikon kuɗi da ake riƙe wa mutum bayan ya gama aiki, ya yi ta sintiri har takalminsa ya suɗe. Yarana shida suka koma biyu. Wanda ya fi baƙanta mini rai shi ne babban cikinsu, yaron da ke iya fitar da kusurwar rufi da ido ba tare da ya auna ba, wanda ya ajiye guduma ya koma tuƙi. Shekara takwas na horo suka tafi a banza, kuma irin wannan asarar ba a ganinta sai ranar da gini ya dawo aka nemi hannu aka rasa, kamar yadda ya faru a Amurka bayan 2008.

A daidai lokacin da ƙwararru ke fita, wasu kuma shigowa suke yi. Wanda aka sallama daga ofis ko daga masana'anta ya sayi guduma da tif ɗin awo ya ce shi ma mai gyara ne, yana karɓar rabin abin da nake karɓa. Neman halak yake yi, ba na zarginsa, amma sau da yawa ni ake kira in gyara gyaransa. Kasuwar kaya ita ma ta bi sahu, kowane abu ya samu ƙaninsa mai kama da shi. Wani abokina mai aikin wayarin ya taɓa kankare mini wata waya da wuƙa, jan ya tafi fari ya bayyana, ashe alminiyum ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Ya ce alminiyum ba ya ɗaukar wuta sai kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, idan aka ɗora masa nauyi sai ya yi zafi a cikin bango inda babu mai gani. Birkiloli suna kukan bulon da ke marmashewa a hannu saboda an matse buhun siminti ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa. Mu kuma namu shi ne kwano, wanda kaurinsa bai kai ko rabin milimita ba tun asali, don haka ɗan abin da aka rage a ciki ido ba ya kamawa, sai hannun da ya saba.

A cikin wannan hali wata dattijuwa ta aiko a kira ni. Mijinta ya rasu, tana zaune da jikoki uku a gida mai ɗaki biyu, kuma na san marigayin, ni na yi masa ƙofofin gidan. Da na hau na ga rufin ya wuce faci, tsatsa ta cinye kwanon har hasken rana na ratsowa, katakon kuma gara ta mai da shi ɓawo. Na yi mata lissafi na gaskiya, na rage kuɗin aikina saboda darajar mijinta, na rubuta mata a takarda. Ta ce in ba ta lokaci, 'ya'yanta za su haɗa wani abu, ita ma za ta sayar da keken ɗinkinta. Sai bayan wata ɗaya da kwanaki ta sake kirana, ta miƙo mini kuɗin a ƙulle cikin leda ta ce: "Ga shi, ɗana, cif-cif yadda ka rubuta. Bayan wannan ba ni da ko sisi, Allah ya sa ya isa."

Da na shiga kasuwa na tarar kayan sun tashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya kamata in yi a fili yake, in koma in gaya mata, mu rufe ɗaki ɗaya da kaya masu kyau, ɗayan mu lallaɓa shi ya jira. Kunya ta hana ni, kuma a bayan kunyar akwai abin da ya fi ta muni. Na yi wata biyu ban samu babban aiki ba, an koro ɗiyata daga makaranta, kuma tun a daren da na karɓi kuɗin na zari wani abu a ciki na biya, ina gaya wa kaina cewa ai kuɗin aikina ne na ɗauka tun da wuri. Ina tsoron idan na koma ta ce ta fasa, a mayar mata da kuɗinta, ba ni da cikon. Sai na sayi kwanon da na san ba shi ne na rubuta ba, irin wanda yatsa biyu ke lanƙwasa shi. Na sayi ɗanyen katako mai nauyin ruwa, ban shafa masa maganin gara ba. Inda ya kamata in jera layi biyar na katakon da ake buga kwano a kai, na jera huɗu. Inda ya kamata falle ya hau kan ɗan'uwansa da doro ɗaya da rabi, na bar shi a doro ɗaya don in tsira da falle uku. Langa-langar da ake ɗaure katako da ita a jikin bango kuwa, na ɗaura a kusurwoyi na tsallake tsakiya. Ƙaramin yarona ya tsaya da ƙusa a baki ya ce: "Maigida, ba za mu ƙara layi ɗaya ba?" Na daka masa tsawa na ce ni zai koya wa aiki.

Sabon kwano kowane iri ne yana ƙyalli, kuma daga ƙasa babu mai bambance mai kauri da marar kauri. Da muka gama ta fito tsakar gida ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, sannan ta shiga yi mini addu'a, ni da 'ya'yana da iyayena, har da maigidan da ya koya mini sana'a. Na amsa amin a ciki-ciki, na tattara kayana da sauri. Da zagina ta yi a ranar da ya fi mini sauƙi.

Ɗanyen katako idan ya sha zafi a ƙarƙashin kwano bushewa yake yi ya tsuke, idan ya tsuke kuma ƙusar da ke jikinsa ta sassauta. Na san wannan tun ina yaro. Watanni suka wuce babu abin da ya faru, har na fara gaya wa kaina wataƙila na tsira. Ranar da aka yi iskar farkon damina ina kwance ina jin rugugin hadari, ban runtsa ba. Da asuba waya ta yi ƙara. Ko da na isa, rabin rufin ɗakin yaran babu shi, fallayen kwano suna can bayan katanga a nannaɗe kamar takarda, an shanya katifa da littattafan makaranta a tsakar gida, shafuka sun manne da juna. Bulo guda da katako ya fizgo daga saman bango yana kwance a gefen inda ƙaramin jikanta ke kwana, tazarar ba ta kai kamu biyu ba. Rufin maƙwabcinta, wanda ya haura shekara 20, ko ƙusa ɗaya bai saki ba.

Ita dai ba ta zarge ni ba, cewa ta yi: "Malam, ka ga ikon Allah, iska ta yi mana ɓarna." Babban ɗanta ne ya ɗauko guntun kwano, ya lanƙwasa shi da hannu ɗaya, ya zaro takardar lissafina daga aljihu ya ce: "Malam, wannan shi ne kwanon da ka rubuta mana?" Ƙofofin kuɓuta suna nan a buɗe, zan iya ɗora wa iska, zan iya cewa mai kaya ne ya cuce ni, kuma babu wanda zai iya ƙaryata ni nan take. Amma idona yana kan wannan bulo. Na ce masa ba shi ne ba, na faɗi komai tun daga daren da na zari kuɗin har zuwa langa-langar da na tsallake. Ya rantse sai ya kai ni gaban hukuma, kuma da ya kai ni da bai zalunce ni ba. Uwar ce ta ɗaga masa hannu, ta juyo gare ni ta ce: "Ɗana, da ka dawo ka ce mini kuɗin bai isa ba, da na ce mu yi ɗaki ɗaya. Rashi ai ba baƙo ba ne a gidan nan, mun san yadda ake zama da shi."

Na sayar da injin goge katako, wanda shi ne mafi daraja a cikin kayan aikina, na karɓi sauran kaya bashi a wurin dattijon nan mai kayan gini bayan na gaya masa dalili. Na kware rufin gaba ɗaya, har da ɓangaren da iska ba ta taɓa ba, na sake shi daga tushe da busasshen katako da na shafe da hannuna, layi biyar, langa-langa a kowane katako. Kwana tara muka yi. Yaron da na daka wa tsawa ya yi aikin tare da ni bai karɓi komai ba, kuma bai taɓa tuna mini da tambayarsa ba. Bashin ya ɗauke ni kusan shekara guda kafin in sauke, labarin kuma ya zaga, wasu da suka saba kirana suka daina, har yau akwai waɗanda ba su dawo ba.

Tun daga lokacin na sauya yadda nake karɓar aiki. Kuɗin kaya da kuɗin aiki a shafi daban-daban nake rubuta su, ina sa kwanan wata a sama, ina kuma gaya wa mai gida ƙarara cewa lissafin kayan na mako ɗaya ne, idan ya wuce sai mun sake tambaya. Ba na riƙe kuɗin kaya a aljihuna ko na dare ɗaya. Ko dai mu je kasuwa tare ya biya da hannunsa, ko ya wakilta wani nasa, ni aikina in zaɓa in ƙwanƙwasa in ce wannan ne. Idan na ɗaga kwano na ga ɓarnar da ba mu yi zato ba, hoto nake ɗauka da waya in sauko in nuna masa kafin in taɓa komai. Wanda kuɗinsa bai kai ba kuma ina gaya masa abin da ba ya jira da abin da zai iya jira, domin hanyar ruwa da wayar lantarki ba sa jira, fenti da ado kuwa suna iya shekara. Akwai waɗanda ke cewa in sa musu mai araha kawai, su sun yarda. Idan a ƙofa ne ko kanta ina yi, in faɗa musu iyakar kwanansa, amma abin da mutane za su kwanta a ƙarƙashinsa na daina, ko da zan rasa aikin, kuma ina rasawa sau da yawa. Ba zan ce wannan tsari ya azurta ni ba. Har yau ban mayar da injina ba, da hannu nake goge katako kamar zamanin da nake koyo.

Gidana ma yana yoyo. A ɗakin yara ne, daidai kusurwar da ke kusa da taga, kuma na san ba a nan ruwan ke shiga ba, na san fallen, na san ƙusar. Wannan ce daminarsa ta biyu, uwargidana kuma ta gaji da yi mini gori a kan kafintan da ake tara roba a ɗakinsa. Falle shida aikin ke buƙata tare da katako huɗu. Na sayi katakon tun watanni uku da suka wuce, suna jingine a inuwa suna ƙarasa bushewa, fallayen kuma ina sayensu ɗaya bayan ɗaya duk ranar da aka biya ni ciko, yanzu ina da biyu, na ukun ya fi na biyun tsada. Jiya da daddare hadari ya haɗo, na tashi na janye katifar yaran zuwa tsakiyar ɗaki, na gyara wa robar zama, na koma na kwanta ina sauraren ɗigon.